Ku Tambaya Mu Amsa: Murhun Tafi-da-gidanka da Gashin Nama a Zango

Tun da hunturu ya fara kaɗawa, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma na wuta da nama. Yawancinsu daga mutanen Yamai ne masu fita kwana bakin kogin Isa, wato kogin Kwara, a ƙarshen mako, sai kuma matafiya daga jihar Tawa. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, mun kuma taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu takwas ne abokai, muna so mu riƙa fita wajen Bubon ranar Asabar mu kwana bakin ruwa. Na zaga kasuwar Katako na ga murahu iri-iri, tun daga ƙaramin na shayi har rabin tano. Wanne ya dace da mu, ko kuwa mu ba mai walda ya haɗa mana? (Mai karatu daga Bukoki)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka ciro kuɗi, ka raba abu biyu da mutane ke haɗawa: wutar gashi daban, wutar jin ɗumi daban. Gashi garwashi yake so, a shimfiɗe, ba harshe, cikin kasko mai faɗi marar zurfi. Jin ɗumi kuwa harshen wuta yake so, cikin kasko mai zurfi da zai riƙe itace ya tare iska. Murhu ɗaya na iya yin aikin biyu, amma bi da bi: a gasa tukuna, a ɗage raga, sannan a zuba itace.

Rabin tano, wato gangar ƙarfe mai lita 200 da aka tsaga gida biyu, ya yi muku yawa. Tsawonsa ya kusa santimita 90, faɗinsa ya kusa 60, kuma kafin garwashi ya rufe cikinsa sai ya lashe kilo 4 ko 5 na gawayi. Na taron mutum ashirin ne, ko na ragon layya. Ku takwas, akwatin ƙarfe mai tsawon santimita 60, faɗin 40, zurfin 15 ya ishe ku, kuma yana shiga bayan mota ba wahala.

In mai walda za ka ba, ka tsaya a kansa kan waɗannan. Kaurin ƙarfen kada ya gaza milimita 2. Langa-langa mai araha wuta uku ko huɗu ke lanƙwasa shi, daga nan ya huje, kuma ka san araha ba ta ado. Ramukan shan iska a yi su a gefe, kamar yatsa biyu sama da gindi, kowanne faɗin ɗan yatsa, tsakaninsu santimita 10. Kada a huda gindin kansa. Yawancin na kasuwa nan ne aibinsu: an huda ƙasa don wuta ta yi saurin kamawa, sai ƙananan garwashi su riƙa zuba kan ciyawa ba wanda ya lura. Maimakon haka, a sa ƙaramar raga a ciki, santimita 3 sama da gindi, gawayi ya zauna a kanta, toka ta zube ƙasa cikin akwatin. Ragar gashi kuma a yi mata matakai uku, a santimita 10, 15 da 20 daga saman garwashi, don ka iya ɗaga nama in wuta ta yi ƙarfi.

Ƙafafu huɗu, a buɗe su waje kaɗan, tsawonsu santimita 30 zuwa 40. Masu tsayi irin na bakin titi an yi su ne don siminti. A kan yashin bakin kogi ƙafa ɗaya ke nutsewa, murhu ya kife da duk abin da ke kansa. A liƙa wa kowace ƙafa ɗan faifan ƙarfe kamar tafin hannu. Abu na ƙarshe, wanda kusan kowa ke mantawa, shi ne murfi na ƙarfe mai rufewa ruf. Da shi ake kashe wuta, da shi ake tare iska, da shi ake gasa kaza har ƙashi.

In kuma tanon kuka fi so, ka tambayi abin da aka taɓa zubawa cikinsa. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko wani sinadarin da ba a sani ba, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Wanda ya ɗauki fetur ko gas na mota, ko ya yi shekara a bushe, tururinsa na nan ciki, kuma tartsatsin injin yanka ya isa ya fasa shi. Sai an wanke an cika shi da ruwa kafin a sa masa ƙarfe. Kowane sabon murhu, a fara ƙona shi ba nama, da wutar itace mai ƙarfi na awa ɗaya ko biyu, har fenti ya ƙone ya zube. A kankare, a shafa man gyaɗa, sannan ya ga nama.

Tambaya: Wani ya ce mini ragar cikin tsohon firiji ta fi kowace raga kyau wajen gashi. Haka ne? (Wani ɗalibi, Harobanda)

Amsa: Ba haka ba ne, ƙanena. An yi ta don sanyi, kuma an lulluɓe ta da roba ko wani ruwan ƙarfe mai hana tsatsa, wanda zafi ke narkarwa ya bi nama. Haka ragar shinge mai ƙyalli da kwanon rufi: tutiyar da ke jikinsu tana hayaƙi in ta ji wuta mai ƙarfi, hayaƙin kuma na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Nemi baƙin ƙarfe zalla ko ƙarfen nan da ba ya tsatsa, tsakanin sanda da sanda kamar santimita 1.

Tambaya: Kullum gawayi ke ba mu kunya. Ko ya ƙare nama bai gasu ba, ko ya ƙi kamawa sai mun yayyafa masa fetur. Nawa ya kamata mu ɗauka, kuma yaya ake hura shi a fili inda iska ke kaɗawa? (Direba, Talladje)

Amsa: Malam direba, bari mu fara da fetur ɗin, don shi ne mai kai mutum asibiti. Ba ruwan fetur ɗin ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya kewaye ƙafafun duk wanda ke tsaye. In kuwa akwai ɗan garwashi a ƙasan gawayin da kake zaton bai kama ba, wuta na bin zubin ta hau har cikin kwalbar da ke hannunka kafin ka ƙifta ido. Wanda abin ya firgita jefar da kwalbar yake yi, kuma kan na kusa da shi take faɗawa. Kananzir ma ba mu yarda da shi ba: warinsa na kama nama, kuma ba ka da tabbacin ba a gauraya shi da fetur ba. Leda da mutane suka saba cusawa ƙarƙashin gawayi, hayaƙinta guba ne, narkakkiyarta kuma in ta ɗiga a fata mannewa take yi.

Ga hanyar da ba ta cin ko dala. Nemi babban gwangwanin tumatir ko na madara, ka cire samansa da ƙasansa, ka huda ramuka shida ko takwas kewaye da gindinsa. Kafa shi cikin murhu, ka dunƙule takarda biyu ko uku ka ɗiga musu cokali ɗaya na man gyaɗa, ka sa su a ƙasa. Ɗora ƙananan gawayi a kai, manya su biyo baya har gwangwanin ya cika. Kunna takardar ta ramukan ƙasa. Gwangwanin na jan iska daga ƙasa zuwa sama kamar zuga-zugin maƙeri, yana kuma kare wutar daga iskar waje. Cikin minti 15 zuwa 20 na sama zai yi ja. Ɗage gwangwanin da awartaki, ka baza garwashin, ka ƙara sauran gawayin a gefe. Kada ka ɗora nama sai farar toka ta rufe shi, wato kamar rabin awa daga ƙyasta ashana.

Batun yawa kuwa, ka ƙiyasta kilo ɗaya na gawayi ga kowane kilo ɗaya na nama. Mutum takwas, kowa giram 300 na tsoka, kusan kilo biyu da rabi ke nan, to ka ɗauki kilo 3. Ranar da ake iska ka ƙara kashi ɗaya cikin uku, don iska cinye garwashi take yi. Na shayi daban yake, kada ka haɗa lissafinsu, masu shayi ba sa tashi sai dare ya raba.

Gawayin kirki nauyi gare shi, in ka buga biyu sai ka ji ƙara kamar ta ƙarfe, in ka karya ka ga cikinsa baƙi wuluk yana ƙyalli. Na kirya shi ne sarkinsu, shi ya sa maƙera ke nemansa. Wanda cikinsa ya yi ruwan ƙasa bai gama ƙonewa ba, hayaƙi zai yi ta yi. Marar nauyi yana kamawa da wuri ya mutu da wuri. Mai yawan tartsatsi kuwa ko ya sha damshi ko ɓawo ya yi masa yawa. Shanya shi a rana yini ɗaya kafin tafiya.

Tambaya: Duk kazar da maigidana ya gasa in mun fita, waje ya ƙone ƙurmus, ciki kuwa jini a jikin ƙashi. Shi ya ce laifin kajin gona ne. Ni dai ban yarda ba. (Wata uwargida, Yantala)

Amsa: Hajiya, ke ce da gaskiya, amma ki faɗa masa a hankali. Laifin na shimfiɗar wuta ne. Yawancin mutane na baza garwashi ko'ina cikin murhu, sai ya zamana ba inda za a gudu da nama in wuta ta yi yawa. A tara garwashi a kashi biyu cikin uku na murhun, sauran kashi ɗayan a bar shi ba komai. Gefen wuta don nama ya yi ja, gefen da ba wuta don ya nuna har ciki. Ki dubi mai tsire: ba ya ɗora tsinkensa kan harshen wuta, kewaye tukuba yake kafa su, zafi na dukansu daga gefe.

A gwada ƙarfin wutar da hannu. A riƙe tafi kamar santimita 12 sama da raga a ƙirga. In an janye kafin a wuce huɗu, wuta ce mai ƙarfi, ta tsire da siraran yanka. Biyar zuwa bakwai matsakaiciya ce, ta kifi da balangu. Takwas zuwa goma ita ce ta kaza.

Kazar a tsaga ta ta baya, a baje ta, a danna ƙirjin har ƙashinsa ya karye ta kwanta. A fara da gefen ƙashi a ƙasa, a gefen da ba garwashi, cinyoyi na fuskantar wuta, a rufe da murfi ko babban kwanon ƙarfe. Kaza mai kilo ɗaya da ɗan kai takan ci minti 40 zuwa 50. Sai a minti goman ƙarshe ake juya fatar kan garwashi ta yi ja. In akwai ma'aunin zafi, cikin cinya ya kai digiri 74. In babu, a soka wuƙa a gaɓar cinya, ruwan da zai fito ya zama garai, ba ja ba. Zabo ya fi kaza bushewa, sai ana shafa masa mai.

Yajin ƙuli-ƙuli saurin ƙonewa gare shi, ƙonannensa kuma ɗaci. Ga tsire ba damuwa, tun da yankan bai wuce rabin santimita ba kuma minti 8 zuwa 10 ya gasu. Ga kaza, gishiri da tafarnuwa da citta tun farko, ƙuli-ƙuli a ƙarshe. Karfasa ko giwan ruwa da kuka saya hannun masunta, a tsattsaga jikinsa, a shafa mai a kifin da ragar, kuma kada a taɓa shi sai ya saki ragar da kansa. Mai gaggawar juyawa shi ke barin rabin kifi a ƙarfe. Kitse in ya ɗiga wuta ta tashi, a janye naman gefe ta lafa. Watsa ruwa toka yake tayarwa ta bi abinci.

Abin da ya fi ƙonewa haɗari shi ne ɗanyen nama a mota. In zafin gari ya wuce digiri 32, wanda ko cikin hunturu rana tsaka takan kai haka a Yamai, nama ba ya wuce awa ɗaya a waje lafiya. Ki daskarar da gorunan ruwa tun daren jajibirin tafiya, ki jera su cikin kula, wato akwatin nan mai riƙe sanyi, nama a ƙasa cikin leda ɗaure, kular a inuwa. Ta abin sha ta zama daban, don ita ake buɗewa kowane lokaci. Tiren da ya ɗauki ɗanyen nama kada ya karɓi gasasshe sai an wanke shi da sabulu.

Tambaya: Cikin watan Janairu sanyin bakin ruwa ba ya barinmu barci. In mun gama gashi, garwashi ya lafa, ba hayaƙi ba harshe, mukan shigar da murhun cikin tanti mu bar ƙofa a ɗan buɗe. Wani abokinmu ya ce haɗari ne. Ina haɗarin yake tun da ba hayaƙi? (Mai karatu daga Gamkalle)

Amsa: Ɗan'uwa, ka gode wa Allah, ka gode wa abokin nan. Cikin duk wasiƙun wannan wata, taka ce ta fi tayar mana da hankali, don abin da kuke yi yana kashe mutane kowane sanyi, a tanti da cikin ɗakuna.

Hayaƙi ba shi ne makashin ba. Hayaƙi ma gata yake yi maka, don yana sa ka tari ka tashi ka fita. Makashin wata iska ce da likitoci ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa ido hawaye. Gawayi na fitar da ita muddin yana ci, kuma ya fi fitar da ita daidai lokacin da kake ganin ya lafa, toka ta rufe shi, iska ba ta isarsa sosai. Murhun da ka ce ya mutu yana iya ci gaba da fitar da ita sa'o'i da yawa. In ta shiga huhu, tana kama sinadarin jini mai ɗaukar iskar numfashi, kamun da ya fi na iskar numfashin ƙarfi fiye da sau 200. Jini na zagayawa, amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata.

Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da nauyin jiki. Ka ga kuwa a ƙasarmu duk wanda ya ji haka zazzaɓin cizon sauro zai ce, ya ja bargo ya ƙara kwanciya. Abin lura shi ne mutum biyu ko uku su tashi da ciwo iri ɗaya a wuri ɗaya, kuma su ji sauƙi da sun fita waje. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin sai a wuce. Yara, masu juna biyu, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu sikila su take fara kayarwa.

Ƙofa a ɗan buɗe ba ta isa ba. Tanti ƙaramin wuri ne, yadinsa an yi shi ne don ya hana iska wucewa, kuma ko bakin ƙofarsa ko ƙarƙashin rumfarsa bai kamata murhu ya kwana ba. Hukuncin ɗaya ne ga mota, da shago, da banɗaki, da ɗakin mai jego da ake kai wa garwashi don ta ji ɗumi. Kaskon turaren wuta ma, in ya gama aikinsa a fitar da shi kafin a kwanta.

In an tarar da wani a wannan hali, a fitar da shi sarari nan take, da duk wanda ke ciki. In ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefe ɗaya. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko a nufi asibiti mafi kusa, a gaya musu a fili cewa garwashi ne a wuri rufe, don maganinsa iskar oksijin ce. Madara ko manja da ake ɗura wa mutum ba sa cire wannan guba, wanda ya suma kuma shaƙe shi za su yi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi.

Sanyin kuma, daga ƙasa yake shigarku fiye da sama. Ku shimfiɗa kwali ko tabarma biyu ƙarƙashin katifa, ku sa hula da safa, ku zuba ruwan ɗumi a gora mai murfin kirki ku naɗe ta da zane ku sa cikin bargo. Ku kafa tantin da bayansa ga arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa.

Tambaya: Sana'ata na kai ni tsakanin Tawa, Tabalak da Abalak, wani lokaci dare ya riske mu a daji mu hura wuta a ƙasa mu dafa shayi mu gasa ɗan nama. Makiyaya sun taɓa yi mana faɗa sosai a kan haka. Yaya za mu yi ba tare da mun ɓata da kowa ba? (Ɗan kasuwa, Tawa)

Amsa: Alhaji, faɗansu na kan hanya. Daga watan Oktoba, da zarar ciyawa ta bushe, karangiyar da kake takawa ita ce abincin dabbobinsu har damina mai zuwa. Shekarar da aka yi ruwa sosai ita ce ta fi haɗari, don ciyawa ta haɗe ba tsakani. Saboda haka ne kowace kaka ake share dogayen hanyoyin tare wuta a yankunan Abalak da Cintabaraden. Dokar gandun daji ta 2004 ma ta tanadi hukunci ga mai tayar da wutar daji, da mai sare itatuwan da aka kare irin su gawo.

Mafi sauƙi, ka riƙa tafiya da ƙaramin murhu mai ƙafafu da ɗan buhun gawayi. In dole sai a ƙasa, nemi fako ko yashin ƙorama busasshiya. Share ciyawa har ƙasa ta fito, mita 3 ta kowane gefe, ka haƙa rami mai zurfin santimita 20 zuwa 30, ƙasar da ka fitar ka tara ta gefen da iska ke fitowa. Kada ka hura ƙarƙashin itace, ko kan tsohon makwancin shanu, don busasshen kashinsu na riƙe wuta a ɓoye har gobe. Wutar ta kasance kudu maso yammacin shimfiɗarku da motarku, tazarar mita 5 ko fiye, yadda iska za ta ɗauke tartsatsi nesa da ku. Jarkar ruwa mai lita 20 da shebur su zauna kusa tun kafin a ƙyasta ashana. In iska ta kai ta tayar da ƙura, ka haƙura da wutar itace ranar nan. Motar ma kada ka tsayar da ita cikin doguwar ciyawa, bututun hayaƙinta kaɗai ya isa.

Itace kuwa ka tsinci wanda ya faɗi ya bushe: geza, sabara, bagaruwa, aduwa. Ka guji tumfafiya da aguwa da duk mai farin ƙaro kamar nono, ko don wuta ko don tsinken tsire. Haka katakon da aka yi wa fenti. Duwatsun murhu kada ka ɗauko su daga cikin ruwa ko bakin tabki. Ruwan da ke cikinsu in ya tafasa fasa su yake yi, ɓaraguzan su tashi. Ban da wannan, a halin da hanyoyi suke ciki yanzu, in da gari ko ruga kusa, ka sauka ka gaida mutane ka tambayi inda ya dace a kwana.

Tambaya: Gawayin ƙasa da ake sayarwa a buhu, ana gashi da shi? (Mai karatu daga Wadata)

Amsa: Kana nufin kwal irin wanda ake haƙowa a Anu Araren kusa da Cirozerin, a sarrafa shi don girki. A ƙarƙashin tukunya, cikin murhun da aka ƙera dominsa, a fili, yana aiki sosai: yana jinkirin kamawa amma yana daɗewa. Nama kai tsaye a kansa kuwa a'a, akwai farar wuta a cikinsa, warinta na shiga nama. Gubar da muka yi bayani a sama shi ma yana fitar da ita.

Tambaya: Ni tukunyar gas mai kilo 6 nake ɗauka, na huta da toka. Akwai abin kiyayewa? (Ma'aikaciya, Lazare)

Amsa: Akwai, ƴar'uwa, ko da yake a lokacin busasshiyar ciyawa zaɓinki ya fi na masu gawayi. A mota ta tsaya a miƙe, a ɗaure, kan murhun a cire. Kada ki bar ta cikin mota rufe a rana, musamman Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. In kin ɗaura kan, ki shafa ruwan sabulu a mahaɗar. Kumfa in ta taso, akwai yoyo, yawanci ƴar robar bakin ce ta tsufa, sai ki riƙa ajiye wata. Ba a gwada yoyo da ashana. In za ki tare iska, ki tare gefe ɗaya, kada ki kewaye tukunyar da kwano zafi ya taru a kanta. Masu ƙaramin murhun nan na tebur mai gwangwanin gas a gefe, kada su ɗora faffaɗan kasko da zai rufe gwangwanin, zafin na komawa kansa ya fashe. Gas ma ya fi iska nauyi, a tanti kwanciya yake yi a ƙasa inda kawuna suke, don haka waje zai kwana.

Tambaya: Ɗana mai shekara huɗu ya taka yashi da safe a inda muka sauka bakin kogi, ashe waɗanda suka kwana kafinmu sun binne wutarsu a wurin. Tafin ƙafarsa ya saluɓe. Mu ma haka muke kashe tamu. Mece ce hanyar da ta dace, kuma me ya kamata in yi masa a lokacin? (Wata uwa, Yamai)

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya, ya sa kaffara ne. Yashi ba ya kashe garwashi, lulluɓe shi yake yi kamar bargo. Ki tuna yadda ake binne rushi da dare a tona da safe a hura. Wutar da aka rufe da yashi tana iya kwana, bayan awa takwas tana da zafin da zai saluɓe fata, ga shi kuma an ɓoye alamarta, yaro na ganin tudun yashi ne na wasa.

Ruwa ke kashe wuta. A daina ƙara itace awa ɗaya kafin kwanciya. A baza garwashin, a tsaya ta gefen da iska ke fitowa, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, don in aka kwara gaba ɗaya tururi da toka ke tashi a fuska, ƙarfen murhu kuma ya lanƙwashe. A juya da shebur, a sake zubawa, har ƙarar nan ta "cuu" ta ɗauke. Wutar mutum takwas takan sha lita 10 ko fiye. Sannan a kai bayan hannu kusa da tokar. In da sauran ɗumi, ba a gama ba. Inda ruwa ke wuya, a kwashe garwashin da awartaki a zuba cikin tukunyar ƙarfe mai murfi, a rufe, a ajiye ta a fili nesa da tanti da yara. Rashin iska zai kashe shi, gobe kuma a sami gawayin da za a sake hurawa. Toka ba ta shiga leda ko kwali ko bayan mota sai ta kwana ta huce sarai.

Ƙunar kuma, abin farko shi ne ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa minti 20 cif. Ko an makara, cikin awa uku na farko yana da amfani. A lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi. A cire takalmi, zobe ko abin ƙafa kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne a bar ta. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko toka, ko gishiri. Suna riƙe zafi, suna jawo ruɓa, kuma sai an kankare su a asibiti, yaro ya sha wuya sau biyu. Kada a fasa bororon. A rufe da tsabtataccen zane marar gashi ko sabuwar leda fara, sako-sako. Ƙunar tafin ƙafa, hannu, fuska, gaɓa ko al'aura, da duk wadda ta fi tafin hannun mai ita girma, da kowace ƙuna a jikin ƙaramin yaro, asibiti ake kai ta ranar. Wadda ta yi fari fat ko baƙi kuma ba ta zafi, ita ce ta fi zurfi. Ki tabbata an duba katin rigakafinsa saboda tetanus, kuma in ya fara warkewa ki bi abin da likita ya ce game da motsa yatsun, don fatar tafin ƙafa in ta warke a tsuke takan hana yaro taka ƙasa daidai.